Fashin Baƙi: Me Ke Sa Tsohuwar Kwamfutar Tebur Nauyi, Kuma Daga Ina Ake Fara Gyara?

Bari mu ɗauki kwamfuta guda ɗaya a matsayin misali tun daga farko, domin magana a kan "tsohuwar kwamfuta" a dunƙule ba ta kai mutum ko'ina. Ita ce Dell OptiPlex 7010, wadda ta fito a shekarar 2012, ta gama aikinta a ofisoshin Turai da Amurka, sannan aka loda ta a kwantena aka kawo ta kasuwanninmu a matsayin ta hannu. Yawancin waɗanda na buɗe na same su da firosesa Intel Core i5-3470, da RAM mai gigabait 4, da faifan ajiya mai juyawa na gigabait 250 ko 500. Irinta ce ake samu a shagon buga takardu, da ofishin makarantar sakandare, da teburin akawu a ƙaramin asibiti, kuma kukan da ake yi da ita ɗaya ne a ko'ina: "Ta yi nauyi." Idan an kunna ta sai an jira mintuna kafin ta gama buɗewa, idan an danna Word sai alamar linzami ta koma zobe tana ta juyawa, mai shago kuwa yana ta ba mai takarda haƙuri alhali layi yana ƙara tsawo.

Amsoshi biyu ne aka saba ba mai irin wannan kwamfuta. Wani ya ce a yi mata fomatin, wani ya ce firosesarta ce ta tsufa, a nemi sabuwa. Ta farko takan kawo sauƙi na 'yan makonni sannan nauyin ya dawo, ta biyu kuwa galibi ba ta kan hanya ko kaɗan. Firosesa ba ta gajiya irin gajiyar injin mota. Wadda aka ƙera ta yi zagayen aiki biliyan 3.2 a daƙiƙa ɗaya a 2012, idan dai tana da lafiya kuma zafi bai dame ta ba, haka take yi har yau. Abin da ya sauya shi ne kayan da ake ɗora mata sun ƙara nauyi, daga Windows 7 zuwa Windows 10, daga shafukan intanet na rubutu zalla zuwa masu cike da bidiyo da tallace-tallace, sannan sauran sassan da take dogara da su ba sa iya kawo mata aiki da saurin da take buƙata.

A kwatanta firosesa da tela, RAM da teburin da yake yanka a kai, faifan ajiya kuma da siton da ake jibge yadi a bayan shago. Komai ƙwarewar telan nan, idan yaron da ke ɗauko masa yadi daga sito mai sanyin jiki ne, to rabin yininsa a zaune zai ƙare yana jira. Idan kuma teburin ƙarami ne, dole duk lokacin da zai shimfiɗa sabon yadi sai an naɗe wanda ke kai an mayar sito, an jima kuma a sake ɗauko shi. Wanda ya leƙo ya ga ɗinki ba ya tafiya, ya yanke hukuncin a sauya tela, ya yi asarar kuɗinsa, domin sabon telan ma zama zai yi. Duk aikin gyaran tsohuwar kwamfuta ya rataya ne a kan gano wanda ake jira a cikin ukun nan.

Gano shi kuwa ba ya cin ko kwabo. A Windows 10, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, kuma a shafinsa na Performance za a ga yadda firosesa da RAM da faifai kowanne yake aiki. Sharaɗin shi ne a duba a daidai lokacin da kwamfutar take nauyin, tana ɗauke da irin aikin da aka saba yi da ita, ba lokacin da take zaune ba komai ba. A irin wannan OptiPlex, abin da na fi gani shi ne firosesa tana ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, RAM ya kusa cika, faifai kuwa ya maƙale a kashi 100 ya ƙi sauka. Wanda ya ga haka ya riga ya ga bakin zaren.

Dalilin da ya sa faifai mai juyawa yake zama cikas ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne tushen mafi yawan nauyin. A cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, da wani siririn hannu mai kai da komo a samansa yana karanta bayanai. Kafin a karanta ko da ɗan guntun fayil, sai hannun ya matsa zuwa layin da fayil ɗin yake, sannan ya jira farantin ya juyo da wurin zuwa ƙarƙashinsa, kuma wannan yakan ci wajen kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa. A ido wannan ba komai ba ne, amma a cikin wannan ɗan lokaci firosesar nan ta yi zagayen aiki kusan miliyan 38 a banza. Ma'anarsa ita ce faifan ba ya iya ɗauko ƙananan bayanai warwatsattsu fiye da sau ɗari ko makamancin haka a daƙiƙa, alhali buɗe Windows kaɗai yana buƙatar karanta dubban ƙananan fayiloli daga wurare daban-daban, ga manhajar tsaro tana bincike, ga sabuntawa tana saukowa, duk a kan hannu ɗaya.

SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da faranti kuma ba shi da hannu. Bayanai suna zaune ne a cikin ƙwayoyin lantarki irin na filashi, ana isa ga kowanne a cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, shi ya sa yake iya amsa dubun dubatan buƙatu a lokacin da tsohon faifai yake amsa ɗari. Masu sayarwa sun fi son ambaton megabait 500 ko 550 a daƙiƙa da aka rubuta a jikin kwali, amma ba wannan adadi ne yake sa mutum ya ji kwamfutarsa ta sauya ba, rashin jiran nan ne. Saboda haka ko a kwamfutar da babban allon cikinta (motherboard) ba shi da sai tsohon gurbin haɗa faifai na SATA II, wanda iyakarsa kusan megabait 300 a daƙiƙa, SSD yana kawo sauyin da ba a buƙatar agogo kafin a gane shi. A ra'ayina, duk wanda kuɗinsa ba su wuce na abu ɗaya ba, to a nan ya kamata ya zuba su.

Sai dai akwai abubuwan lura wajen saye. OptiPlex 7010 da sa'o'inta ba su da gurbin M.2, don haka siririn SSD ɗin nan na NVMe mai kama da sandar cingam ba nasu ba ne. Wanda ya dace shi ne mai inci 2.5 da ke amfani da wayar SATA, irin wayar da tsohon faifan yake amfani da ita. Gigabait 240 ko 256 ya wadatar da Windows da manhajojin ofis, kuma a riƙa barin wani kaso nasa babu komai, domin SSD da aka cika maƙil yakan rage sauri wajen rubutu. Akwai kuma jabu a kasuwa, wanda aka yi wa dabara yake nuna girman da ba shi da shi, sai an zuba masa kaya sun wuce ainihin cikinsa sannan fayiloli su fara lalacewa. Manhajar H2testw tana cika faifai da bayanai ta sake karanta su don tabbatar da girmansa na gaskiya, CrystalDiskInfo kuma tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da halin lafiyarsa, wanda hakan ke tona asirin tsohon da aka sake wa kwali. Ya kamata a yi wannan gwaji tun ranar da aka saya, tun mai kaya bai manta fuskar mai saye ba.

Wajen ɗora Windows a kan sabon SSD, hanya biyu ce. Ana iya kwafe tsohon faifan ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla, ko kuma a ɗora sabon Windows daga tushe. Na fi karkata ga ta biyun, domin kwafi yana tafiya da duk tarkacen da suka taru na shekaru, sai dai idan akwai wata manhajar aiki da ba a da hanyar sake samunta. Kafin a fara, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, a tabbatar an saita SATA a kan zaɓin AHCI, kuma a cire wayar tsohon faifan har sai an gama, don kada Windows ya ajiye wani ɓangare na fayilolin tashinsa a can. Bayan haka ana iya mayar da tsohon ya zama rumbun hotuna da bidiyo, muddin CrystalDiskInfo bai nuna gargaɗi a kansa ba. Faifan da ya fara ƙarar ƙas-ƙas kuwa, a kwashe abin da ke cikinsa a ranar, kada a ɗaga zuwa gobe. Shi SSD ba a yi masa aikin tattara gutsattsarin fayiloli da aka saba yi wa faifai mai juyawa. Windows 10 yana gane shi da kansa, yana kuma aika masa umarnin TRIM da yake buƙata don share gurbin fayilolin da aka goge.

Na biyu a layi shi ne RAM. Idan ya cika, Windows ba ya tsayawa, sai ya riƙa kwashe wani abu daga cikinsa yana ajiyewa a faifai, ya sake ɗaukowa idan an buƙata, wato dai naɗe yadin nan da mayar da shi sito. Shi ya sa ƙarancin RAM da faifai mai juyawa idan suka haɗu suke zama masifa biyu a wuri ɗaya, kowace tana ƙara wa 'yar uwarta nauyi. A gigabait 4, Windows 10 kaɗai yakan cinye kusan rabi, sai burauza mai shafuka bakwai ko takwas ta lashe sauran. Gigabait 8 shi ne inda aikin ofis yake samun sarari, 16 kuma sai ga mai aikin zane da hotuna masu nauyi. Wanda RAM ɗinsa bai taɓa wuce kashi 60 ba a lokacin aiki, ƙari ba zai amfane shi da komai ba.

A nan ma ana yawan yin kuskuren saye. Wannan kwamfuta DDR3 take ɗauka, mai ƙafafu 240, kuma DDR4 mai ƙafafu 288 ba zai shiga gurbinta ba, domin tsagar da ke ƙasansa ba a wuri ɗaya take ba. Kada a danna da ƙarfi. Gajeren RAM na kwamfutar cinya shi ma ba nata ba ne. Akwai kuma RAM na manyan kwamfutocin da ake kira saba (server), wanda akan samu da araha, mai harafin R bayan lambar saurinsa, kamar PC3-10600R: yana shiga gurbin daidai, amma kwamfutar ba za ta tashi da shi ba. Sanda biyu masu girma ɗaya, a gurabe masu launi ɗaya, sun fi sanda ɗaya babba, saboda firosesa tana karanta su ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Sannan kafin komai a duba ko Windows ɗin mai bit 32 ne maimakon mai bit 64, domin shi ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4, a aikace ma uku da 'yan kai yake gani. Na taɓa tarar da kwamfutar da aka saya wa gigabait 8 aka saka, ta shekara tana amfani da ƙasa da rabinsa ba wanda ya lura.

Abu na uku shi ne wanda ƙasarmu ta fi ƙasashen da aka ƙera kwamfutocin nan fama da shi, wato ƙura da zafi. Bayan hunturu ɗaya a Kano ko Damagaram, idan ka buɗe murfin OptiPlex ka ɗaga fankar da ke kan firosesa, za ka tarar da ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi, ta zama kamar bargo, har kana iya ɗago ta da yatsa biyu a haɗe ba ta wargaje ba. Iska ba ta ratsa wannan bargo. Sai bazara ta shigo, zafin gari ya haura digiri 40, shagon kuma ba na'urar sanyaya ɗaki. Firosesar Intel idan zafinta ya doshi digiri 100 takan rage saurinta da kanta don kada ta ƙone, kuma alamar hakan a fili take: kwamfuta tana tashi lafiya da safe, fanka ta fara gurnani da hantsi, zuwa azahar komai ya koma tafiyar hawainiya. Manhaja irin HWMonitor tana nuna zafin a lambobi, ba sai an yi ta zato ba.

Maganin ba shi da tsada, amma yana son natsuwa. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa allo, musamman a lokacin hunturu da jiki ke tara wutar da kan ɗan ja mutum idan ya taɓa ƙarfe. A fitar da ita waje a hure da bulowa, tare da riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Idan aka kwance ƙarfen daga kan firosesa, man da ke tsakaninsu, wanda aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce, galibi za a same shi ya bushe ya farfashe kamar laka a bakin tafki. A goge shi tas da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure sukurorinsa a gicciye, kaɗan-kaɗan. Akwatin wuta kaɗai ne ba a buɗewa, domin yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket. A hure shi ta waje kawai. Kuma a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a ba ta tazara daga bango.

Ta ɓangaren manhajoji, gyaran da ya fi amfani shi ne ragewa. A shafin Startup na Task Manager akwai jerin duk abin da ke tashi tare da Windows, kuma yawancinsu ba a buƙatarsu a wannan lokaci. Manhajar tsaro biyu a kwamfuta ɗaya suna binciken fayil ɗaya sau biyu, har su riƙa binciken juna. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows 10 ya isa ga yawancin mutane idan ana sabunta shi, ya kuma fi wata da aka saka wa lasisin sata wadda ta daina sabuntawa tun bara. Manhajojin da ke alkawarin "ƙara sauri" da share rajistar Windows, wato kundin saitunansa, kuwa ban taɓa ganin wadda kwalliyarta ta biya kuɗin sabulu ba, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya ce ba ya goyon bayan amfani da masu share rajista. A shagon da filashin mutane ke shiga yana fita duk yini, a sa ido kan bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Idan firosesa tana sama alhali ba a buɗe komai ba, to akwai abin da ke aiki a ɓoye.

Sauya firosesa shi ne abin da mutane suka fi sha'awa, shi ne kuma mafi ƙarancin riba. Allon 7010 yana da gurbin LGA 1155, don haka iyakarsa zuriya ta 2 da ta 3 ta Intel. Daga Pentium ko Core i3 zuwa i5-3470 akwai bambanci na gaske, domin an tashi daga cibiyar sarrafa aiki biyu zuwa huɗu, amma daga i5-3470 zuwa i7-3770 mai buga takardu ba zai ji komai ba. Inda tsufan firosesar yake bayyana da gaske shi ne bidiyon intanet. Sashen hoto da ke cikinta ya san tsarin matse bidiyo na H.264, amma bai san VP9 da AV1 da YouTube ke yawan aikowa ba, sai aikin ya faɗa kan firosesa kacokan, bidiyo ya riƙa tsinkewa. Ƙaramin ƙari na burauza mai suna h264ify yana tilasta a aiko da tsohon tsarin, rage ingancin hoto zuwa 720 ma yana taimakawa. Mai son katin hoto ya tuna cewa siririn akwatin 7010 wutarsa wat 240 ce kawai, kuma gajeren kati yake ɗauka, irin GeForce GT 1030 mai cin kimanin wat 30. Shi ma iri biyu ne da suna ɗaya, mai RAM na GDDR5 da mai na DDR4, na biyun kuma ya gaza na farkon nesa ba kusa ba.

Wutar lantarki tana da nata rabon. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu a faifai tana lalata fayilolin Windows, kuma yawan gyaran kai da kwamfuta ke yi idan ta tashi bayan haka wani nauyi ne na daban. Ƙaramin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, da zai ba da minti biyar a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata yana kare duk kuɗin da aka kashe a kan SSD. Idan kuma agogon kwamfuta yana komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, har burauza ta riƙa ƙin buɗe shafuka tana ƙorafin tsaro, to batirin CR2032 ne da ke kan allo ya mutu, ɗan faifai mai kama da kwabo, kuma mutuwarsa tana iya mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani.

Saura batun da SSD da RAM ba sa magancewa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ya daina fitar masa da sabon zubi a farkon 2023, sannan tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da shirin ƙarin wa'adi na shekara guda da aka sanar wa masu amfani na gida. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, don haka a hukumance ƙofa a rufe take ga 7010. Akwai dabarun tsallake wannan sharaɗi, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba, kuma ba zan ba wanda ke shiga asusun banki ko ajiye bayanan marasa lafiya shawarar ya dogara da su ba. Ga wanda aikinsa burauza ne da rubutu da lissafi, Linux Mint mai fuskar Xfce, wanda ake ɗorawa a madadin Windows, yana tafiya sumul a kan wannan kwamfuta, kyauta ne, yana zuwa da LibreOffice mai yin aikin Word da Excel, kuma ana iya gwada shi daga filashi ba tare da an taɓa faifai ba. ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022 wata hanya ce ga makarantu. Amma mai shagon da abincinsa ya dogara da CorelDRAW ko Photoshop ya sani cewa ba a yi su don Linux ba, kuma ya gwada firintarsa tukuna. Idan dole ya zauna a Windows 10, to ya raba kwamfutar aikin da intanet gwargwadon iko, ya kuma riƙa ajiye kwafin ayyukansa a wani faifai na daban.

Akwai kuma inda ya kamata a tsaya. Kwamfuta mai Core 2 Duo da DDR2, wadda ta girmi 7010 da shekaru huɗu ko biyar, ko wadda aka ga kawunan kafasitocin allonta, wato 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kansa, sun kumbura suna tsatsar ruwan ƙasa-ƙasa, ba ta cancanci a saya mata RAM ko firosesa ba, domin sassan ba za su yi amfani a gaba ba. SSD mai wayar SATA ne kaɗai za a iya saya mata ba tare da fargaba ba, domin ranar da ta mutu ana zare shi a mayar da shi cikin wadda ta gaje ta.